Littafi Ya Ce Danna Nan, Waya Ta Ce Babu Nan

Mu dai mutanen kasuwar Katako a Jos Allah ya yi mu da son abu a rubuce. Bashin buhun masara a rubuce yake, zubin adashi a rubuce, sunan kafintan da ya ɗauki falanki goma zai kawo kuɗi ran Juma'a a rubuce, kai har ranar da aka haifi yaro akwai dattijon da zai ɗaga katifa ya zaro maka tsohon littafi ya nuna maka. Amma abin nan da ke hannunmu tun daga kiran assalatu har barci ya ɗauke mu, wanda da shi muke ciniki, da shi muke ta'aziyya, da shi muke faɗa kuma da shi muke shiryawa, wato waya da abin da ke cikinta na Facebook da WhatsApp da TikTok, da wuya ka sami ɗayanmu da ya taɓa karanta ko shafi guda a kan yadda ake sarrafa shi. Da lalube muka koya, da leƙen wayar na kusa, sai kuma babbar makarantarmu duka, miƙa wa yaro.

Ka je layin 'yan katako da hantsi ka gani. Alhaji mai rumfa uku, wanda in ya yi gyaran murya lebura goma ke miƙewa, ya riƙe waya nesa da fuska, ya ɗaga tabarau, ya sauke, ya sake ɗagawa, can sai ya ƙwala wa yaron shago kira: "Kai, zo ka nemo min wurin kiran nan, ya ɓace." Yaro ya karɓa da ladabi ya ce, "Baba, ai bai ɓace ba, sun mayar da shi ƙasa ne." Alhaji ya ce, "Su wa?" Ya ce, "Masu abin." Alhaji ya ce, "To wa ya aike su? Ni na ce musu saman ya dame ni?" Kuma fa Alhaji yana da gaskiya, domin a 2024 masu WhatsApp sun kwashe jerin nan da muka saba gani a saman allo a wayoyin Android suka dire shi a ƙasa, ba sallama ba ban haƙuri, muka kwana da abu a sama muka tashi da shi a ƙasa. Kada ma wani ya yi wa Alhaji dariya, laifi tudu ne. Hajiyar da ke fasa dilar gwanjo tana tura hotunan rigunan sanyi ga masu sari a Bauchi da Gombe ita ma jikarta ce ke nemo mata abin da ya ɓace, malamin islamiyya ɗalibinsa, direban tifa yaron motarsa, kowa da nasa ɗan ƙaramin malami da ba a biya, sai dai a ce masa Allah ya yi albarka, wani lokaci ma a haɗa da faɗa wai shi ya taɓa wani abu.

To duk sanda irin wannan ta faru, da yamma a teburin mai shayi, sanyin Jos na shiga ƙashi kowa ya rungume kofinsa, sai wani ya ja numfashi ya ce, "Wai ina 'yan bokonmu ne? Ba za a sami mai rubuta mana littafi da Hausa ba, daki-daki, danna nan danna can, mu huta da roƙon yara?" Kowa ya gyaɗa kai, a ce wallahi da an taimaki al'umma. Ana faɗar haka da zuciya ɗaya, kuma buƙatar ta gaske ce, don rashin sani ya fi dare duhu. Abin da ba mu cika tsayawa mu duba ba shi ne irin ɗawainiyar da muke son ɗora wa bawan Allahn da zai ɗauki alƙalamin.

Ba wai ba a gwada ba. Abdullahi Salihu Abubakar, wanda aka fi sani da Baban Sadiq, ya shekara da shekaru yana yi wa masu karanta jaridar Aminiya bayanin kwamfuta da waya da intanet da Hausa, har ya fitar da littafi mai suna Fasahar Intanet a Sauƙaƙe, kuma duk wanda ya bi rubutunsa ya san an yi wa harshen nan hidima. A ƙasashen Turawa kuwa akwai jerin littattafan nan masu rawayen bango da ake kira For Dummies, na Facebook kaɗai an yi ta sake masa zubi bugu bayan bugu, domin kafin na hannu ya ƙare a kanti abin da yake bayani a kai ya riga ya sauya kama. Su ke nan masu manyan kamfanonin ɗab'i da ma'aikata. To ina ga namu?

A ce wani malamin makaranta daga unguwar Ali Kazaure ko Unguwar Rogo ya ɗaura niyya. Zai dawo daga aiki, ya yi magariba da isha, ya jira a kawo wuta, in ba a kawo ba ya kai wayar wurin mai caji, sannan ya zauna yana ɗaukar hoton allon waya ɗaya bayan ɗaya, yana zana jar kibiya a kan kowane maɓalli, yana rubuta "daga nan sai ka danna ɗigo ukun da ke sama ta hannun dama." Ya gama ya kai wa mai kwamfuta, mai kwamfuta ya buga masa, a wajen bugawar duk ƙugiyoyin ƙa da ɗa da ɓa su zube, ya zauna gyara. Ya je maɗaba'a a ce masa in hotunan masu launi yake so kuɗin ya ninka, in baƙi da fari ne kuwa koren maɓalli da shuɗi duk toka-toka za su fito, mai karatu ba zai bambance su ba. Ya koma neman kuɗin takarda, ya jira albashi, ya jira kwasar adashi, takarda ta ƙara kuɗi, ya sake jira. Damina ta wuce, an haƙe dankali, hunturu ya shigo. Ranar da aka kawo masa katan na farko yana ƙanshin tawada, ya buɗe shafi na ashirin ya ɗora kusa da wayarsa don ya ji daɗin aikinsa, sai ya tarar ɗigo ukun ya koma wani lungu, kibiyarsa tana nuna fili.

Mu da muke cin abinci a kan katako mun fi kowa sanin zafin wannan. Kafinta ya zo ya auna ƙofa, ya sayi tu-bai-fo ɗinsa, ya je ya fere ya haɗa, ya dawo ya tarar da ƙofar inda ya bar ta, ko da yake tsakaninmu da Allah tu-bai-fo ɗin yanzu an ɗan rage masa ƙiba. Shi kuwa mai littafin waya aunawa yake yi ya tafi, kafin ya dawo masu gida sun toshe ƙofar sun fasa wata ta baya, kuma ba za su daina ba.

Duba abin da ya faru a gabanmu, ba labari aka ba mu ba. Wayar salula ta GSM ta shigo ƙasar nan a 2001, muka yi zamanin Nokia mai tocila, littafin da aka rubuta a kanta ya iya shekaru yana aiki don maɓallanta na roba ne, ba sa tafiya ko'ina. Da kafafen sada zumunta suka zo sai ƙasa ta fara motsi. Wanda ya rubuta babi guda a kan 2go, lokacin da samarin Rikkos da Gangare ke kwana a kai suna ƙirga taurari, yau wa zai karanta masa? Wanda ya koya mana yadda ake musayar lambar BBM, an rufe ainihin manhajar a 2019. Wanda ya yi bayanin rubutu a bangon aboki a Facebook, a 2011 aka kawo sabon tsari aka jera rayuwar mutum shekara-shekara. Wanda ya ce alamar babban yatsa ita kaɗai ce hanyar nuna ka ji daɗi, a 2016 aka ƙaro zuciya da dariya da mamaki da baƙin ciki da fushi, har muka shiga sabuwar rigima, don akwai wanda hannunsa ya zame ya danna dariya a ƙarƙashin sanarwar rasuwa, aka yi wata guda ana ba dangi haƙuri. WhatsApp kuwa a 2014 ta kawo shuɗin maki biyun nan da ya hana mu cewa ba mu ga saƙo ba, a 2017 ta mayar da sitatus na hoto da bidiyo mai ɓacewa bayan awa 24, a shekarar kuma ta ba mu damar goge saƙo daga wayar kowa, zauren da a da ba ya ɗaukar fiye da mutum 256 ya koma yana ɗaukar 1,024, shi ya sa zauren tsofaffin ɗalibai ya zama kasuwa.

Amma wanda na fi tausaya wa shi ne mai babin Twitter. Ya rubuta cewa harafi 140 ne iyaka, a 2017 aka mayar 280. Ya gyara. A watan Yunin 2021 gwamnati ta dakatar da kafar a Nijeriya, sai Janairun 2022 aka buɗe, babin ya yi wata bakwai yana zaman jira. Ya yi haƙuri. Ya sa hoton shuɗin tsuntsu a bango don ado, a Yulin 2023 Elon Musk, wanda ya sayi kamfanin a shekarar da ta gabata, ya kori tsuntsun ya sauya sunan gaba ɗaya ya koma X. Hatta kamfanin Facebook ya zama Meta a 2021. Wato ba maɓalli kaɗai ke gudu ba, har sunan da ke jikin bangon littafin.

Kuma ruwa ba ya tsami banza. Waɗannan kamfanoni ba kuɗi muke biyansu mu shiga ba, mafi yawan abin da suke samu daga talla yake fitowa, talla kuwa tana son idon da ya daɗe a kan allo. Don haka kullum suna gwada inda za su ajiye abu don mu ƙara minti biyar. Ga kuma kishi irin na masu rumfa ɗaya: Snapchat ta fito da labari mai ɓacewa, Instagram ta kwaikwaya a 2016, WhatsApp ta bi, TikTok ta janye yara da gajeren bidiyo, Instagram ta fito da Reels a 2020, YouTube ta fito da Shorts. Sannan in za su canza abu ba sa canza wa kowa rana ɗaya, sai su fara da wasu su ga yadda za ta kaya. Shi ya sa za ka ga wa da ƙani a benci ɗaya, waya iri ɗaya, an saya rana ɗaya a shago ɗaya a titin Ahmadu Bello, amma na wannan da abin, na wancan babu, har ƙanin ya fara zargin an sayar masa da jabu.

To amma a bar masu abin haka nan, mu dawo gida, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ko da kamfanonin nan za su rantse su bar komai inda yake shekara guda, mu da kanmu mun isa mu rikita marubuci. Wa ke sabunta manhaja a cikinmu? Sai ranar da WhatsApp ta kafa mana wa'adi ta ƙi buɗewa, sannan hankali ya tashi, a ce data ta yi tsada, a nemi mai sabuwa ya turo ta Xender. Shi ma mai turowar daga wani ya karɓa, wanda ya karɓa daga wani, ba wanda ya san asalinta. Rabinmu Facebook Lite muke yi don ba ta shan data, fuskarta daban da ta babbar. Wasunmu, kuma sun san kansu, GBWhatsApp suka ɗora don su karanta saƙon da aka goge, su leƙa sitatus ɗin mutum ba tare da ya sani ba, ranar da aka rufe musu layi kuma su zo suna salati suna cewa hassada ce. Wannan Itel, wancan Tecno, na can Infinix, ga mai iPhone ta hannu da yake ajiyewa a kan tebur fuska sama don a gani. Wayar kowa cike take maƙil da wa'azi da bidiyon biki da hoton barka da Juma'a na shekara uku, ba wurin da sabon abu zai zauna, kuma ba mai yarda a goge ko ɗaya. Wace waya marubuci zai ɗauki hotonta ya ce ga ta kowa?

Sai kuma batun harshe, wanda nan ne halinmu ya fi fitowa. A 2016, shekarar da mai Facebook, Mark Zuckerberg, ya zo Legas, aka yi ta murna Facebook ta sa Hausa cikin harsunanta. Muka yi ta taya juna barka, kowa ya ce wa yaro ya juya masa tasa zuwa Hausa, kishin harshe ya motsa. Kwana biyu sai ga mu muna kiran yaron nan a asirce: "Mayar min da ita yadda take." Muka koma Turancin da da yawanmu ba ma karantawa, domin ashe tun farko ba rubutun muke bi ba, wuri muka haddace da launi da siffa. Mu a wurinmu akwai ɗan koren nan, da mai kama da jirgin takarda, da mai kama da ƙusa, da ɗigo uku. Marubuci ya zauna ya zaɓo kalma mai kyau ta Hausa, mai karatu ya duba wayarsa bai gan ta ba. Ya rubuta ta Turanci, a ce ya cika littafin Hausa da Turanci. Gaba kura baya sayaki.

Abin da ya ƙara ɗaure kan lamarin shi ne yadda muka ɗauki littafi tun fil azal. Mu a wurinmu littafi abu ne da ba ya motsi. Ahalari da Ishmawi da Iziyya da kakanninmu suka karanta a zaure su ne muka karanta, su 'ya'yanmu ke karantawa. Mai Risala, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ya rasu tun shekarar 996 ta Miladiyya, fiye da shekara dubu ke nan, amma babin alwala yana nan inda ya bar shi. Magana Jari Ce ta Abubakar Imam tun 1937 take hannun mutane, aku bai canza wuri ba. Da wannan tarbiyya muke buɗe kowane littafi, da girmamawa, da yaƙinin cewa abin da aka buga an gama magana. Don haka in littafi ya ce danna nan, waya ta ce babu nan, mu kasu biyu. Kashi na farko su ce littafi ba ya ƙarya, wayar ce ta lalace, su hau Keke su tafi Terminus wurin mai gyara, a karɓi kuɗinsu a goge musu komai, su dawo abin yana nan yadda yake, ga hotunan sunan jika sun tafi. Kashi na biyu su ce malamin nan ashe bai san abin ba, ya ci kuɗinmu. Ba mai cewa bari in duba shekarar da aka buga shi. Ba mu saba ba, don littattafan da suka raine mu ba su taɓa buƙatar a duba musu shekara ba.

Na ce ya ci kuɗinmu, to wane kuɗi ma? A nan fa sai mu sunkuyar da kai gaba ɗaya. Mu ne masu cewa a rubuta, mu ne kuma in an rubuta za mu ce, "Malam, Allah ya ƙara basira, ba ni aro in duba zuwa gobe." Goben da ba ta zuwa. Mutum ɗaya ya saya, layi guda ya karanta, na ƙarshe ya kai a yi masa fotokwafi. Wanda ya fi kowa wayewa kuma ya ce, "Allah gafarta Malam, ba za a turo mana shi a zaure ba?" Wato littafin koyon WhatsApp muke so a turo mana ta WhatsApp, kyauta, mu da ba mu iya buɗe shi ba sai an kira yaro. Mutumin da ke sa katin data kullum ba ya jin komai, in aka ce kuɗin littafi sai ya tuna zamani ya yi wuya. Gara ma matanmu, su sun riga mu gane bakin zaren. Marubutan littattafan soyayya da zaman gida da yawa sun bar jiran maɗaba'a, suna sakin labari shafi-shafi a zaurukan WhatsApp da Wattpad, mai so ta biya a sa ta a zauren, kuma ana biya. Uwargida da ke cewa ba ta iya waya ba, ta san hanyar da za ta tura kuɗi ta karɓi shafi na arba'in kafin ta ɗora tukunya.

Duk da haka ni ina nan a kan cewa littafin nan muna buƙatarsa, kuma buƙata mai tsanani, sai dai ba a kan maɓalli ya kamata nauyinsa ya zauna ba. Akwai abubuwan da tun da muka shiga harkar nan ba su gusa ko taku ɗaya ba, kuma su ne suke cin mu. Mutumin da zai kira ka da murya mai daɗi, ya yi maka sallama cikakkiya, ya ce shi ɗan zaurenku ne, za a yi taro ta waya da daddare, an turo maka lambobi shida ka karanto masa don a sa sunanka. Ka karanto, kafin ka ajiye waya ya ƙwace WhatsApp ɗinka, ya bi 'yan uwanka ɗaya bayan ɗaya da sunanka yana cewa kana asibiti a taimaka. Wannan dabara ta shekara nawa tana yawo, kuma maganinta yana cikin wayar tun 2017, wato lambar sirri ta biyu da mutum zai sa da kansa, amma je ka tambayi layin 'yan hatsi mutum nawa suka sa. Ga alat na bogi da ake nuna wa mai rumfa a loda kaya a tafi. Ga mai cewa daga banki yake, a ba shi lambar BVN da ta bayan kati. Ga yarinyar da ta tura hotonta ga wanda ta amince da shi, ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya gaya mata cewa abin da ya fita daga waya ba ya dawowa. Waɗannan babuka in an rubuta su yau, shekara goma masu zuwa suna nan da ransu, ko an mayar da ɗigo uku tsakiyar allo.

Ga kuma babin da mu mutanen Jos muka fi kowa sanin nauyinsa, babin turawa kafin tantancewa. Waye a cikinmu bai tuna daren nan na Agustan 2014 ba, lokacin Ebola, da saƙo ya zaga cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha? Aka tashi gida-gida kafin asuba ana dafa ruwa, mai digiri da wanda bai je boko ba duk layi ɗaya, aka kwantar da mutane a asibiti, har aka rasa rayuka. A 2018 kuma BBC ta yi bincike a kan yadda hotunan da ba na nan ba, wasu ma ba na ƙasar nan ba, suka zaga a Facebook suka ƙara rura wutar rikici a Filato. Mun san yadda saƙon murya ɗaya, na wanda ba a san ko waye ba, yake sa a fara jan ƙofofin rumfa daga wannan kai na Katako zuwa wancan, uwa ta fita ba mayafin kirki tana neman yaranta a makaranta, daga baya a ji babu abin da ya faru. A 2019 WhatsApp ta taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda don rage irin wannan, mu kuwa muka nuna mata mun fi ta naci, muna turawa biyar-biyar har sai mun gama da kowa, muna ƙarawa da "kamar yadda na samu." Marubucin da zai koya mana mu tsaya mu tambayi wa ya faɗa, yaushe, a ina, kafin yatsa ya taɓa kibiya, ya yi mana abin da ya fi nuna mana inda kibiyar take.

Su kuma maɓallan, tunda dole a nuna su, ai dabarar tana gidanmu. Littattafan zaure na da ba ɗinke suke ba, warƙa-warƙa ne a cikin tadarishi, a ɗaure da igiyar fata a sa a gafaka; in warƙa ɗaya ta lalace a sake rubuta ta a mayar, sauran suna nan. To a yi mana haka: gundarin littafin a ɗinke shi da kyau ya daɗe, bayanin danna nan danna can kuma a yi shi 'yan shafuka masu araha, a rubuta wata da shekara da manyan baƙaƙe a goshinsu, da sunan irin wayar da aka ɗauki hoton, in sun tsufa a buga wasu. A ajiye su wurin masu caji da masu sayar da kati da masu POS, inda dama can muke zuwa da matsalarmu. Kuma a jawo yaran nan da muke miƙa wa waya cikin aikin, a sa sunansu, a ba su ɗan abin sayen data, don su ne suke fara ganin an canza abu tun kafin Malam ya farka.

Yanzu haka ma akwai babin da ke jira. Tun 2024 wani ɗan zobe mai launi ya bayyana mana a cikin WhatsApp, Meta AI, ba wanda ya gayyace shi, kuma an riga an kasu a kansa a teburin mai shayi. Wani ya ce aljani ne ba ya taɓawa, wani yana tambayarsa farashin siminti, wani ya sa shi ya rubuta masa takardar neman aiki, wani kuma har fatawa ya kai masa, Liman ya ji ya ce a kawo masa wayar ya gani. Ana buƙatar mai zama ya bayyana mana da Hausa abin da zoben nan ya iya, da inda yake shirga kuskure da cikakkiyar murya kamar ya sani, da abin da bai kamata a gaya masa ba. Maƙwabcina mai gwanjo ya riga ya ce duk ranar da aka buga a ajiye masa kwafi ɗaya, zai biya in ya fasa dila, mutum huɗu kuma sun riga sun kama layin aro a wurinsa.